In Za A Kafa Turke, A Fara Yi Mana Sallama

Daga wata Malamar Makaranta

 Yau na ajiye zancen girki da reno, na ɗauko wani wanda yawancinmu mu ke tsammani na maza ne su kaɗai, watau zancen shirin gari da awon ƙasa. Kada wata ta ce ina ruwanta, ta juya shafi. Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, za ku ga maganar nan har cikin madafa ta same mu.

Ga abin da ya jawo ta. Ni dai malama ce a wata makarantar firamare a ƙasar Kura, shekarata biyu ke nan da fitowa daga kwalejin horon malamai. Ran wata Litinin, bayan an gama yankan shinkafa, muka zo da safe muka tarar da turaku a bayan makaranta, an shafa wa kawunansu jan fenti. Sun jeru tun daga gindin katangarmu, suka ratsa filin da matan unguwa su ke shanya shinkafa, suka miƙe har bakin kanal. Maigadi ya ce ran Asabar waɗansu mutane suka zo cikin mota da wani ƙarfe mai ƙafa uku wanda a ke leƙawa, suka yi ta awo, suka kafa, suka tafi. Ya yi musu sannu da aiki sun amsa, amma ba su ce masa kome ba.

Kafin a fita tara, mata huɗu sun aiko 'ya'yansu, tsofaffi biyu kuwa sun zo da ƙafarsu. Tambayarsu ɗaya ce: "Malama, ke da kika yi karatu, mene ne za a yi a nan?" Wata ta ji an ce titi za a fitar, wata ta ji kasuwa, wata ta ce filaye za a yanka a sayar wa mutanen birni. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar, ba ta da sana'a sai turara shinkafa. A makon ne za ta kwashi adashi, ta yi niyyar sayen buhu ashirin na shanshera tun tana araha. Ta ce mini, "Malama, in za a tashe mu a gaya mini tun yanzu. In na saya ba wurin shanya, a kan gadona zan baza ta?"

Kunya ta kama ni, don ni ma ban san kome ba. Na je wani ofis har sau uku. Ran farko aka ce mai riƙe da fayil ba ya nan, ran na biyu aka ce ya tafi taro, ran na uku wani akawu ya dube ni ya ce, "Malama, in lokaci ya yi za ku ji." Da na koma gida ina ba da labari, kakata ta yi dariya ta ce, "Ke kishiya, yau kika fara ganin turke mai jan kai? Ni ina amarya na gan su, a gonar kakanki."

YADDA RUWA YA ZO MANA

Kafin in gaya muku abin da tsohuwa ta gani, bari in tuna muku asalin aikin, don da yawa cikinmu an haife mu mun tarar da kanal, muna tsammani tun fil azal yana nan.

An yi Jihar Kano a 1967, Gwamnanta na farko kuwa shi ne marigayi Audu Baƙo. Mutum ne mai son aikin gona, ya kuma ga ruwan damina yana wucewa cikin kogi, alhali manomi yana zaune wata bakwai ba aikin yi, ko kuwa ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani. Aka ɗauko wani kamfanin masana na ƙasar Holan, sunansa NEDECO, ya auna ƙasa ya zana taswira. A farkon shekarun 1970 aka soma gwaji a Kadawa da ruwan ƙaramar madatsar Bagauda. Babbar madatsar Tiga kuwa aka fara ta a 1971, aka gama a 1974. A cikin shekarun nan ne aka yi babban farin nan da ya kashe dabbobi ya koro mutane daga arewa, sabo da haka ba abin mamaki ba ne hukuma ta yi sauri. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Ruwan ya kan fito daga Tiga ta babban kanal, ya bi gangare da kansa ba da inji ba, ya biyo ta Ruwan Kanya, daga baya ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi wajen Bunkure, ɗaya ya nufi Garun Malam da Kura. Daga nan sai ƙananan hanyoyi su yi ta rarraba shi har ya shiga gonar kowa. Abin da aka shirya shayarwa a kashin farko hekta 22,000 ne, hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi.

Ba mai musun alherin da ya biyo baya. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Zariya da rani ta ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ta ga manyan motoci suna lodi zuwa Legas. Kura da a ka sani da rini da baƙin rawani, yau da shinkafa a ke kiran sunanta. Ni kaina da kuɗin tumatir aka biya mini kuɗin makaranta. To, kada wani ya karanta ya ce Malama tana zagin ruwa. Abin da na ke dubawa shi ne yadda aka shigo da shi.

ABIN DA KAKATA TA GANI

Ta ce a gonarsu akwai ɗorawa uku, da kuka, da kaɗanya, da wata tsamiya a kan iyaka. Gona ta kakana ce, amma amfanin itatuwan a hannun mata ya ke. Da kalwa su ke yin daddawa su ba yara talla, su tara kuɗin kwanuka da tasoshi na auren 'ya'ya. Kuka ta ba su miya, kaɗanya ta ba su mai, busassun rassa kuwa su ne itacen girki. Ran nan sai ga turaku. Aka tara maza aka ce musu ruwa zai zo, mata kuwa a bakin yara suka ji. Ba a daɗe ba katafila ta iso, ta tuge itatuwa, ta baje ƙasa, har mutum ba ya gane inda iyakar gonarsa ta ke.

Ta ce, "An ba kakanki kuɗin itatuwa, ya sayi keke. Ni da na ke cin ɗorawar ba wanda ya san da ni. Damina guda ba mu yi shuka ba, muna jiran a maido mana gona, sai da muka ci hatsin iri. Da an gaya mini da shekara guda, da na tara kalwa, da na sayi akuya biyu na ɗaure." Na ce, "To Iya, kin fi son a bar ku yadda ku ke?" Ta ce, "Wane mutum! Ruwa ai alheri ne. Amma baƙo ko da goro ya zo, ya kan tsaya a zaure ya yi sallama, ya jira a amsa."

Kada ku ce surutun tsufa ne. Masu bincike sun zo sun zauna a ƙauyukan nan sun rubuta abin da suka gani. Wata Baturiya, Tina Wallace, ta yi aiki daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da rahotonta a 1979. Ta nuna ba a shawarci manoma ba wajen shirya aikin, kuma masu ƙaramin ƙarfi da yawa sun kasa kuɗin taki da na tarakta da na ruwa, suka ba masu hali hayar gonakinsu. Ƙa'idar aikin ita ce a karɓi gona a gyara, a maido wa mai ita an rage kashi ɗaya cikin goma sabo da kanal da hanya. A can Tiga kuwa ruwa ya tashi mutane fiye da 10,000 daga garuruwansu. Wata kuma, Cecile Jackson, a kan mata ta yi nata binciken, littafinta ya fito a 1985. Ta tarar masu shirin ba su sa mata cikin lissafi ba ko kaɗan. Waɗansu matan sun sami ciniki da aikin sussuka da shiƙa, waɗansu kuwa, musamman matan Maguzawa masu noma da kansu, sun yi hasarar abin da su ke da shi a da.

Ita ce kuma ta ba da labarin abin da ya faru a 1977, sa'ad da matan ƙauyukan nan masu tsinkar ɗanyen wake a gonar wani kamfanin Turawa, wanda ke aika shi Turai, suka haɗa kai suka ƙi fita aiki sai an ƙara musu lada. Ku duba fa, iyayenmu ne waɗannan, ba su yi boko ba, amma sun san darajar guminsu. Ashe da an tambaye su tun farko, da ba su rasa abin faɗi ba.

LOKACIN OFIS DA LOKACIN MAI GONA

Da na zauna na yi tunani, sai na ga yawancin ɓarnar a wajen lokaci ta ke. Ma'aikacin ofis yana da nasa lissafi: ran da kuɗin shekara za su ƙare, ran da ɗan kwangila zai miƙa aiki, ran da babban baƙo zai zo buɗewa. Manomi kuwa da sanyi da ruwa ya ke lissafi. Alkama in ba a shuka ta cikin sanyin Nuwamba da farkon Disamba ba, zafi zai tarar da ita kafin ta yi ƙwaya. Mai tumatir in ya dasa, aka rufe masa ruwa mako biyu, ya tashi a tutar babu. Gyaran kanal wajibi ne, ba kuwa a gyara shi da ruwa a ciki. Amma wanda aka gaya wa tun bai sayi iri ba, da wanda ya ji bayan ya dasa, ba ɗaya su ke ba. Mace ma tana da nata lissafin: ran kwasar adashi, da watan da shanshera ke araha, da auren 'yarta bayan Salla. Sanarwar da ta zo bayan an kashe kuɗi ihu ce bayan hari.

In kuna son ku ga iyakar abin da raina lokacin manomi ke jawowa, ku tuna da Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a ƙasar Zamfara. An gama madatsar a 1978. Manoma suka yi ta jiran diyya, gonakinsu na hannun masu gyara, damina tana wucewa. Da abin ya ishe su suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sanda, aka kashe mutane da yawa, aka ƙone gidaje. Mu nan Allah ya kiyaye mu ba a kai ga haka ba, amma ciwon iri ɗaya ne.

Akwai kuma lokaci mai tsawo, wanda mai zana taswira ba ya nan sa'ad da zai cika. Ruwan da aka tare a Tiga, da wanda aka tare a madatsar Calawa ta wajen Ƙaraye da aka gama a 1992, shi ne a da ya kan malala a fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina, masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama su ci abinci. Da aka tare, ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudu kaɗan kaɗan rani da damina, ciyawar nan kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Mutanen can ba su ga turke ko ɗaya ba, amma shirin ya same su har gida. Mu ma nan, wace malama ce ba ta san tsargiya ba? Yaro ya yi wanka a kanal, bayan 'yan watanni ya zo yana fitsarin jini. Ba wanda ya yi nufin haka, sai dai abu ne da ba ya bayyana ran buɗe aiki.

Na uku shi ne lokacin jira. Cikin hekta 22,000 ɗin nan, har aka shiga shekarun 2000 abin da ruwa ya kai gare shi wajen 15,000 ne. Waɗanda gonakinsu ke cikin sauran sun ga taswira ta haɗa da su, suka yi ta jiran gawon shanu. Mutum in an ce masa aiki na zuwa, ba a ce yaushe ba, ba ya dasa mangwaro, ba ya yin gini mai ƙarfi. Sauri ya kan haifi nawa, gaskiya ne, amma shiru ma yana da tasa hasarar, talaka ne kuwa ya ke biya.

BAYANI A FILI

'Yan'uwa, ku sani neman bayani ba roƙo ba ne, ba kuwa rashin kunya ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna amana, ta ba hukuma ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma ta ce a ba mai shi sanarwa, a kuma biya shi diyyar gini da amfanin gonar da ke kai. Wata doka ta 1992 ta ce kafin a yi babban aiki kamar madatsa ko babban titi, sai an bincika abin da zai jawo wa mutane da ƙasa, a kan kuma ajiye rahoton a fili kwana 21 na aiki don kowa ya gani ya faɗi ra'ayinsa. Ta 2011 kuwa ta ba kowane ɗan ƙasa, mace ko namiji, ikon rubuta wa ofishin Gwamnatin Tarayya takarda ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana 7.

To, dokoki ga su nan. Amma ku gaya mini, rahoton da aka rubuta da Turanci, mai kauri kamar matashin kai, aka ajiye a sakatariya, wace matar aure ce a Ɗan Hassan ko Karfi za ta gan shi? An bi doka, amma bayani bai iso ba. In ana son ya iso, sai a faɗe shi da Hausa, a rediyo da bakin mai shela, a kafa taswira a ƙofar dagaci, a kuma aiko mace ta shiga gida gida ta nuna wa matan kulle.

Ku lura kuma da wanda duhu ya ke yi wa amfani. In titi zai bi ta wani wuri, mutum uku ko huɗu sun sani, sauran gari ba su sani ba, me zai faru? Sai ka ga wani ya zo da mota yana taya gonar marayu da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, bayan shekara guda wurin ya ninka kuɗinsa sau biyar. In kowa ya ji rana ɗaya, wannan ciniki ya mutu. Rashin sani ya fi dare duhu, a cikin duhun nan kuwa a ke yi wa mace wayo a kan gadonta.

Ba na cewa ba a koyi kome ba. A 2014 Bankin Duniya ya yarda da wani shiri mai suna TRIMING na gyaran manyan ayyukan noman rani na Arewa, har da namu da na Bakolori da na Haɗeja. Cikin manufofinsa akwai ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su riƙa kula da ƙananan kanal, su tara kuɗin ruwa, a kuma riƙa shawara da su. Wannan hanya ce mai kyau. Sai dai wanda ke da gona shi ke da kujera a wurin, mata masu gona da sunansu kuwa kaɗan ne. Mai turara shinkafa da mai wanki a bakin kanal su ma da ruwan nan su ke rayuwa, ya kamata a ji bakinsu.

A BAR ƘOFA A BUƊE

Akwai wani abu kuma da ya wuce faɗin gaskiya, shi ne mai shiri ya yarda bai san gobe ba. Masu zana aikin nan alkama suka fi sa wa rai, don a rage sayo ta daga waje. An hana shigo da alkama a 1987, aka janye hanin a 1992, manoma suka yi ta shiga suna fita. Abin da ya zauna daram shi ne shinkafa da damina, da tumatir da albasa da masara da rani. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020, cinikin shinkafar gida ya ƙara tashi, injinan casa suka ƙaru, baƙi suka sauka, gidaje suka ci gonaki. Wa ya zana wannan a 1970? Ba kowa. Shi ya sa yau za ki ga inji a jikin ɗakin kwana, tsibin ɓuntu yana hayaƙi kusa da rijiya, shinkafa a baje a gefen kwalta motoci na watsa mata ƙura, yara kuma suna tsallaka kanal a kan itace guda don gada ta yi nisa.

Ko babban kamfani bai tsira daga wannan ba. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka gina don ta niƙa tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir, masana'antar ta tsaya, daga baya ma ta yi ta buɗewa da rufewa sabo da ƙarancin kaya da rashin daidaitawa a kan farashi. Birnin Kano ma an taɓa yi masa shirin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani Bature mai suna Trevallion ya shugabanta, amma gari ya yi girman da ya wuce takarda, unguwanni suka tsiro inda ba a zana su ba.

Ba cewa na ke a daina shiri ba. Garin da ba shiri ai kowa ya ga yadda ya ke zama da damina. Abin da na ke nufi, uwa mai hankali in za ta ɗinka wa yaro riga ta kan bar kalmasa, don ta san zai girma. Haka ya kamata a yi wa Kura da Bunkure da Garun Malam da Ciromawa: a bar fili a kowace unguwa wanda ba a sayar wa kowa ba, a keɓe wa masu inji wurinsu, a bar burtali, a kuma sa ka'ida bayan 'yan shekaru a dawo da taswira gaban jama'a a ce, ga abin da muka zana, ina ya yi daidai, ina ya kuskure? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

TO, MU ME ZA MU YI?

Na farko, in kin ga turke ko kin ji ƙishin-ƙishin, kada ki tsaya kan jita-jita. Ki gaya wa maigida, ku kai maganar ga mai unguwa, shi ya kai ga dagaci. A tambayi abu huɗu: me za a yi, wa zai yi, yaushe za a fara, wa za a gani in akwai kuka.

Na biyu, kada ki sayar, kada kuma ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Ki sa 'yarki ko malamar Islamiyyarku ta karanta miki sau biyu. In gonar gado ce, ki tabbata an rubuta sunanki da rabonki, kada a dunƙule da sunan yayanku shi kaɗai.

Na uku, ku ƙidaya abin da ku ke ci a wurin tun ba a zo ba: itatuwa nawa, buhu nawa a ke shanyawa a mako, gida nawa ke ci daga ciki. Mai ofis ba ya jin "muna da yawa", amma in kun ce mata talatin da biyu, buhu kaza, dole ya rubuta.

Na huɗu, ku yi magana da baki ɗaya. Muna da ƙungiyoyin adashi, muna da Islamiyya, muna haɗuwa wurin suna da biki. Ku zaɓi dattijuwa biyu da mai karatu ɗaya su zama bakinku. Shawara ɗaukar ɗaki ce, mutum ɗaya ba ya iyawa.

Na biyar, wannan ga hukuma ne da iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara musu lafiya. In za a kira taro, kada a sa shi ran kasuwa, ko tsakiyar yankan shinkafa, ko lokacin da tukunya ke kan wuta. A yi wa mata nasu zaman dabam inda za su saki jiki. A ba mutane ko da damina guda su shirya. In kuma an fasa aikin, a zo a faɗa, a tuge turakun.

Mu dai mun bi ta farkon. Muka je wurin mai unguwa da tsofaffin nan biyu, ya karɓe mu da mutunci, ya kai mu gaban dagaci. Dagaci ya ce shi ma bai sami takarda ba tukuna, amma ya yi alkawari zai bincika, in masu aikin sun zo za a zauna da mata a ajinmu bayan la'asar. Har ran da na ke rubutun nan turaku suna nan, awaki suna soshe-soshe a jikinsu. Uwar marayun nan kuwa ta kasa jira, ta sayi buhu goma maimakon ashirin, ta ce in abin ya zo hasarar ta yi sauƙi. Watakila ma ba za a taɓa filin ba, amma ribar buhu goma ta riga ta tafi, ba kuwa wanda zai biya ta diyyarta.

Ina roƙon 'yan'uwa na Bunkure da Kadawa da sauran wurare, duk wadda irin wannan ya taɓa samu, ko ta ji daga bakin iyayenta, ta rubuto wa wannan fili mu ji yadda suka ƙare, don mu ƙaru da juna. In an yi zaman nan kuma zan kawo muku labarin abin da aka ce. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu, amin.